Abin da Ke Bayan Kwalbar Yaya

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun kafin in wanke ido, na gan ku, Allah ya bar zumunci. Ga shi nan. Shawara ɗaya dai: wanda ke cin abinci ya ture kwanonsa gefe kafin ya fara wannan shafin. Na faɗa muku, kar wani ya biyo ni da ƙorafi.

*

"Maman Lele, ajiye shayin nan a waje kafin ki shigo."

Da wannan Dogo ya tare ni a ƙofar shago. Dogo shi ke kula da babban injinmu na buga hoto, ni kuma zane ne aikina. Mutumin da ko rufin shago ne zai faɗo sai ya gama tauna abin da ke bakinsa, yau shi ne tsaye yana share gumi da bayan hannu.

"Injin ne ya sake cinye mana kaya?"

"Da injin ne ai da sauƙi."

"To mene ne?"

"Aikin Yayanki ne. Ya fito."

"To alhamdu lillahi mana. Ba gobe za a rataya shi ba?"

Ya matsa gefe kawai.

Kun dai san zancen. Yaya ya samu kwangilar kai lemon kwalba makarantar su Lele, 'yata, a riƙa raba wa yara kullum lokacin hutun cin abinci. Ni na ja shi har gaban shugabar makarantar. Ni na dafa ƙirji na ce ɗan'uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya, in aka ga ƙazanta a kayansa ni za a kama. Gobe za a fara rabon, shi ya sa ya ce in haɗa masa babban ƙyallen talla na roba, wanda muke kira fleks, a rataya a bakin ɗakin cin abincin yaran.

Fleks ɗin na shimfiɗe a ƙasa, ya cinye tsakar shagon, tawada ko gama bushewa ba ta yi ba. Daga sama rubutuna ne, manyan baƙaƙe jajaye: LEMO MAI TSAFTA DOMIN YARANMU. A tsakiya ga kwalbar, rawaya shar, ta fi ni tsawo.

A bayan kwalbar ya kamata in ga shuɗin sama da yankakken mangwaro da na ɓata yini ina jerawa.

Banɗaki na gani.

Na rufe ido na buɗe. Yana nan.

Kwalbar a kan murfin tankin masai take zaune. Tayil ɗin bango da ya kamata ya zama fari ya koma ruwan ƙasa, baƙin datti ya bi layi-layi. Daga hagu ga bakin masan kansa, ba murfi, kuma wanda ya shiga na ƙarshe bai kora ruwa ba. Ba zan ƙara muku bayani a nan ba.

Dab da shi, har suna gogar juna, ga wani ƙaton bahon roba cike da lemo, a buɗe. Sandar mofa, ta goge ƙasa, a tsaye a ciki, da alama da ita ake juyawa. Kyankyaso ya kife a sama yana iyo. Can lungu buhunan kwalabe ne, ba sababbi ba, tsintattu, wata da guntun taba a cikinta, wata da sauran abin da ban san ko mene ne ba. Ga tulin mangwaro ya ruɓe ya zubo da ruwa, fararen tsutsotsi sun yi masa ca.

Injinmu kuwa ba ya ha'inci. Ƙuda ɗaya a hoton ya kai girman babban yatsana, har gashin ƙafarsa ana gani.

Ban san lokacin da na fita ba. A bakin kwata na tsinci kaina a durƙushe, shayin da na sha da wanda ban sha ba duk suka dawo. Mai gyaran waya na kusa da mu ya leƙo yana "sannu, sannu", na ɗaga masa hannu ya koma.

Dogo ya miƙo min ruwa. Na kuskure baki na dube shi.

"Dogo, wane irin wasan banza ne wannan? Ina ka samo wannan hoton?"

"Wallahi ban samo ko'ina ba. Nasa ne."

"Nasa na wa?"

"Na Yayanki. Kina hanyar kai Lele makaranta ya turo sabon hoton kwalbar, ya ce a cire tsohon a sa wannan, wai ya fi haske. A fayil ma ya turo, yadda kika koya masa."

"Mara baya?"

"Mara baya. PNG. Na buɗe a waya na gani da idona, kwalba ce kaɗai, bayanta 'yan akwatunan nan fari da ruwan toka, alamar ba komai a wurin."

"To?"

Ya sosa ƙeya.

"Kin san kwamfutar injin nan da tsufa. Ta ƙi karɓa. Na ce kafin ki zo bari in rage miki aiki, sai na wuce da shi ta 'yar manhajar nan na mayar da shi JPG."

"Wadda na ce ka goge?"

"Ita."

"Sau nawa zan gaya maka JPG ba ya riƙe hoto mara baya? In injin ya ƙi PNG ka jira ni in fitar maka da shi a TIFF!"

"Na ɗauka fari zai cika bayan, in ya so in gyara. Na jefa shi a gurbin na danna, na fita duba janareta. Ina dawowa na tarar da... wannan."

Sai a lokacin kaina ya haɗa lissafin. Manhajar wayar da Yaya ya cire bayan hoton da ita ba gogewa take yi ba. Lulluɓewa take yi. Hoton na nan ɗungurungum a cikin fayil ɗin, an dai ɗora masa wani mayafi ne da ke ce wa kwamfuta nan ki nuna, nan kar ki nuna. Manhajar kirki in za ta sauya fayil, da mayafin take tafiya, ko ta zuba fari a wurin. Ita kuwa wannan ta Dogo ba ta san da zamansa ba. Ta yaye shi ta jefar, ta miƙo abin da ke ƙasa.

Wato ba wanda ya haɗa wa Yaya sharri. Shi ya tsaya a wannan wurin da ƙafarsa, ya ɗora kwalba a kan tankin masai ya ɗauka.

Ni rabona da lemon nan tun lokacin da matarsa ke dama shi a kicin ɗinta, kuma wallahi lokacin ya yi daɗi. Da kasuwa ta buɗe ya ce ya kama wuri ya zuba injuna. Duk sanda na ce zan je in gani, sai ya ce ana gyara. Duk sanda na ce ya kawo wa Lele ko kwalba ɗaya, sai ya ce an saye. Har tsiya nake masa ina ce masa marowaci.

Muna tsaye motarsa ta faka.

Turarensa ya riga shi shigowa. Fararen kaya, takalmi na ƙyalli, makulli na kaɗawa a yatsa.

"Auta, ina aikina? Sauri nake, Antinki na mota."

Na nuna masa ƙasa da haɓa.

Ya kalla. Makullin ya daina kaɗawa.

Na zuba masa ido ina jira. Na ɗauka zai ce innalillahi. Na ɗauka zai zauna ya dafe kai, ko ya ce ba wurinsa ba ne, ko da ƙarya ce in samu abin riƙewa.

Sai ya juya ya tura ƙofar shagon ya rufe.

"Wa ya gani?"

"Abin da za ka fara tambaya ke nan?"

"Na ce wa ya gani?"

"Ni da Dogo. Da Allah."

Ya sauke numfashi, har da ɗan murmushi.

"To da sauƙi. Amma ku ma dai, wane irin aiki ne wannan? Na turo muku hoto fes, kun ɓata shi."

"Mun ɓata shi?"

"Ai na cire bayan! Da hannuna na cire!"

"Yaya, ina ne nan?"

"Ke ina ruwanki da..."

"Ina ne nan?"

Ya kalli Dogo. Dogo ya kama goge injin da ba abin da ya same shi.

"Ɗakin baya ne na gidana. Na wucin gadi ne, kafin a gama gyaran wancan wurin."

"Wane wurin? Akwai wani wurin?"

Ya kawar da kai.

"Hotunan injunan da ka nuna wa shugabar makaranta fa?"

"Na wani abokina ne. Irinsu zan saya."

Na dafa tebur.

"A banɗaki, Yaya? Duk faɗin gidanka?"

"Can ne famfo yake da ƙarfi. Can ne ruwa ke wucewa in an zubar. Kuma yana da makulli, ba mai leƙo min. Ke ba ki san sana'a ba, zane kawai kika sani."

"Ga masai nan a buɗe!"

"Ba a amfani da shi sosai."

"Sosai?"

"Maigadi ne kawai yake shiga."

Dogo ya ajiye tsumman ya fita waje. Ta gilashi na hango shi yana tofar da yawu.

"Maigadi ne kawai," na maimaita. "To madalla. Hankalina ya kwanta. Shi kuma kyankyason, shi ma na wucin gadi ne?"

"Ana tacewa kafin a ɗura."

"Da me? Da mofar?"

"Auta, ki iya bakinki. Ni ba sa'anki ba ne."

"Kwalaben fa? Daga wane juji?"

"Ana ɗaurayewa! Kuma akwai garin da nake zubawa, yana kashe komai. Wata nawa ina sayarwa a tasha, wa ya taɓa mutuwa? Wa ya dawo ya ce cikinsa ya yi ciwo?"

"Matafiyi zai dawo ya neme ka? Yana can wani gari yana zawo, ya san ma me ya ci?"

"To ke duk abin da kike saya a titi kin san inda aka yi shi?"

"Ban sani ba. Wannan kuwa na sani."

Ya ja kujera ya zauna, ya sassauta murya. Wannan muryar na fi tsoro, da ita yake samun duk abin da yake so a gidanmu tun muna yara.

"Zo nan, ƙanwata. Buɗe hoton a kwamfutarki."

Ban san dalili ba, na zauna na buɗe. Ga kwalbar nan a kan 'yan akwatunan fari da ruwan toka, tsaf, kamar ba ta taɓa sanin ƙuda ba.

"Yauwa! Kin gani? Ai haka na turo. To ki sauya shi yadda ya kamata, yadda bayan ba zai fito ba. Kin iya, aikinki ne. Ki ɗora a kan shuɗin nan naki, Dogo ya sake bugawa. Wannan kuma mu naɗe in tafi da shi in ƙone."

Gaskiyarsa, na iya. Kafin ya gama gyara zaman hularsa zan gama. In fitar da shi a TIFF da mayafinsa, ko in manne shi da shuɗin gaba ɗaya yadda ko wa ya buɗe fayil ɗin ba zai sake ganin komai ba har abada.

Na kai hannu na kashe mayafin. Banɗaki ya cika allon.

Na kunna. Kwalba fes.

Na kashe.

"Daina wannan wasan," ya ce. "Bar shi a rufe."

Na dube shi. Mutumin nan shi ya saya min kwamfutata ta farko bayan rasuwar Baba. Shi ya tsaya a ƙofar asibiti ranar da na haifi Lele, shi ya fara ɗaukar ta. Wallahi na so in ji tausayinsa, na lalubo a zuciyata ban samu ba. Ƙyama kawai nake ji, har farin kayan nan nasa ban son ya taɓa min kujera.

"Yaya, in na rufe hoton, bahon zai rufu?"

"Za a gyara, na ce miki. A fara dai tukuna. Kwangilar nan in ta kuɓuce min na gama yawo."

"Yara ne fa. Wasu ko ɗaure igiyar takalmi ba su iya ba."

"Cikin yara ai ya fi na manya ƙarfi."

Kafin in samu bakin amsa wannan, aka turo ƙofa. Matar Yaya ce, tana fifita da gefen mayafi.

"Wai me ya tsayar da kai? Na dahu a motar nan. Auta, ina kwa..."

Idonta ya sauka a kan fleks ɗin. Ta ja da baya ta toshe hanci, kamar warin zai taso daga robar.

"Ka gani ko! Sai da na ce maka ka fito da kwalbar tsakar gida ka ɗauka! Ka ce wai tayil ya fi ba da haske!"

"Rufe min baki!"

Na miƙe a hankali.

"Anti. Kin sani?"

Ta kama gyara mayafi.

"Ni fa ba ruwana. Ni tun da aka mayar da aikin can na daina shiga, warin ne ba na iyawa."

"Ba kya iya warin."

"Wallahi har kaina yake sara min."

"Su Babangida ... yaranku fa? Suna sha?"

"Allah ya kiyaye! Ni 'ya'yana..."

Ta datse harshe. Amma ta riga ta faɗa.

Dogo ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya harɗe hannu.

"Allah ya kiyaye," na ce. "Naku Allah ya kiyaye. Na sauran mutane fa? Tawa fa?"

"Ba haka take nufi ba," in ji Yaya.

"Haka take nufi. Shi ya sa ko kwalba ɗaya ba ka taɓa kawo mana ba. Ni ina nan ina ce maka marowaci, ashe mutunci kake min. To na gode. Sai ka tattara ka kai makarantar da 'yata take, ni kuma ka sa ni gaba in yi maka shaida."

"Auta..."

"Ba zan gyara ba."

"Me kika ce?"

"Ba zan gyara hoton ba, ba za a sake bugawa ba. Kuma gobe ko kwalba ɗaya ba za ta shiga makarantar nan ba."

Suka kalli juna shi da matarsa. Wani irin kallo ne, gajere, ban gane shi ba.

Ya juya wajen Dogo.

"Kai, malam. Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Zauna ka yi min."

"Ranka ya daɗe, ni ban iya ba. Da na iya ai da ba mu ga wannan ba."

"To naɗe min wannan in tafi da shi."

"Tawadar ba ta bushe ba. Za ta ɓata maka fararen kaya."

Yaya ya yi ƙwafa ya zaro waya. Na san wa zai kira tun kafin ya danna. Duk sanda ya rasa hanya, can yake zuwa.

"Mama, ga Auta nan za ta tona min asiri a gari. Ki yi mata magana."

Ya buɗe muryar ya ajiye wayar a kan teburina.

"Auta?" Muryar Mama ta fito, a gajiye. "Me kuma ya haɗa ku da safiyar nan?"

"Mama, ina kwana. Kin san inda Yaya yake haɗa lemon nan?"

Ta gyara murya.

"Ya ce min wurin bai gama kyau ba."

"A banɗaki ne, Mama. Kusa da masai. Da sandar mofa ake juyawa."

"Subhanallahi." Ta ja numfashi. "To ai sai a yi masa faɗa a cikin gida, ya gyara. Ba a kai ɗan'uwa waje, Auta. Ki rufa masa asiri, Allah ya rufa naki."

"Gobe za a raba wa yara."

"Na ji. Zan zaunar da shi da kaina."

"Mama, Lele na cikinsu. Jikarki."

Na ji tana gyara zama, na ji ƙarar carbinta a jikin wayar. Na ce a raina yanzu za ta ce a ba ta shi ta wanke shi tas.

"To ke ba sai ki hana ta sha ba?"

Na kalli wayar.

"Ki ce wa malamarsu ba ta shan zaƙi, likita ya hana. Shi ke nan, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Kafin nan shi kuma ya gyara wurinsa."

Matar da ta raine mu, wadda in cokali ya faɗi ƙasa sai ta sa an wanke da sabulu, wadda ba ta bari mu shiga kicin da takalmin banɗaki. Yau ita ke ce min in tsame tawa in bar na mutane.

"Sauran yaran fa, Mama? Su ba su da kaka?"

"Kar ki gaya min magana. Ni na haife ki."

"Ki yafe min. Amma ba zan iya ba."

"Auta! In kika kira makarantar nan..."

Na kai hannu na kashe. Tunda nake ban taɓa kashe wa Mama waya ba.

"Kin kashe wa Mama waya?" Yaya ya miƙe. "Lallai kin riƙa."

Na ɗauki tawa wayar na shiga neman lambar shugabar makaranta.

"Me za ki yi?"

"Abin da ka ji."

"Auta, ki bari zuwa yamma. Mu zauna."

"A'a."

"To zuwa azahar. Ki ba ni zuwa azahar kawai!"

"Me zai canja kafin azahar? Maigadi zai kora ruwa?"

Ya yo kaina zai fizge wayar. Dogo ya taka ya shiga tsakaninmu, bai ɗaga hannu ba, tsayawa kawai ya yi. Sai ranar na san amfanin tsawonsa bayan sauya ƙwan fitila.

Matar Yaya ta fara kuka.

"Auta, don Allah. Ba ki gane ba ne. In kika kira yanzu kashinmu ya bushe."

"Gara yanzu da gobe."

"Ba gobe ba ne..."

"Ke!" Yaya ya daka mata tsawa.

Wayar ta riga ta shiga. Ƙara ɗaya, biyu, aka ɗauka. Hayaniyar yara ta cika min kunne, ana ihu ana dariya, wani na buga ƙarfe.

"Maman Lele! 'Yar halak, yanzu nake cewa zan kira ki in yi godiya."

"Malama, ina kwana. Magana ce da ni mai muhimmanci, game da lemon da za a kawo gobe..."

"Ai shi nake nufi! Yayan nan naki mutumin kirki ne. Da sassafe ya aiko mota, wai ɗanɗano ne kyauta, yara su saba kafin gobe. Har malamai ya sa a lissafi."

Na ɗago na kalli Yaya. Takalminsa yake kallo.

"Yana ina? Malama, lemon yana ina yanzu?"

"Yanzu aka fito hutu, ana kan rabawa. Kai, ku bi layi! Kai mai jar jaka, koma baya!"

"Ki tsayar! Don girman Allah ki tsayar, kar kowa ya sha!"

"Me kika ce? Ba na jin ki, yaran nan sun cika min kunne."

"Na ce kar a sha! A karɓe!"

"E, sun karɓa, sun karɓa. Ai Lele muka fara miƙa wa, tunda na kawunta ne. Ga ta nan ma. Lele! Zo ki gaya wa Mamanki."

Na ji wayar ta sauya hannu. Na ji ɗan numfashinta, irin na wadda ta yi gudu.

"Mama! Lemon Kawu da daɗi! Na shanye nawa duka, Malama ta ƙara min wani."